Kafin ka sayi bindigar farautar gada a Sakkwato

Ɗan yayata ya zo gidana a Mabera bayan sallar isha'i da waya a hannu, ya nuna mini wani Bature a Amurka ya kayar da barewar ƙasarsu daga nisan da ko da tsakar rana ban isa in hango ba. Wai irin bindigar yake so, mai lamba .308. Na ce masa ya aje wayar ya zauna, don maganar tana da tsawo.

Barewar da Baturen ke harbi tana iya kai nauyin babban mutum, shi ya sa suke amfani da manyan harsasai irin .270, da .308, da .30-06 wanda sojan Amurka suka fara riƙewa a 1906. Mu nan naman da ya rage mana shi ne gada, wadda da wuya ta wuce kilo 25, sai zomo da zabin daji da fakara. Barewarmu mai jan goshi kuwa ta yi ƙarancin da na daina ɗaga mata bindiga tuntuni, kai ma ka ƙyale ta. Ka harbi gada da harsashin Baturen nan, rabin kafaɗarta za ka tsince a ƙasa.

Sannan ga doka. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Na soja, har da masu cin harsashi 7.62 da .303, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma .308 ɗin nan ɗan'uwan 7.62 ne na jini, saboda haka ka cire shi daga ranka. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka, wadda ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Mai famfo, wadda ake ja tana ɗura kanta, ba ta cikin na farauta ko da maƙwabcinka na da ita. An sha dakatar da bayar da lasin, don haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ka ji halin da ake ciki kafin ka ba kowa ko kwabo. A yanayin da gabashin jihar nan yake ciki, daga Isa zuwa Sabon Birni, mutum da bindiga ba takarda ba wanda zai tsaya jin cewa gada ya fito nema. Dajin Gundumi da muka taka da ƙuruciya yau ba wurin farauta ba ne.

In ka samu takarda, shawarata mai baki ɗaya ce, lamba 12 (lambar faɗin bututunta ke nan), irin wadda ake karyawa a tsakiya. Ba ta da nauyi, kilo uku ne ko kusa da haka, harsashinta ya fi na kowace sauƙin samu, kuma tana koya wa mutum haƙuri tunda harbi ɗaya gare shi. Mai baki biyu ta fi daɗi, ba musu, sai dai tsada, kuma na lura mai ita yakan yi gaggawar harbin farko don ya san akwai na biyu.

In tsohuwa za ka saya, karya ta ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa. Ciki ya zama sumul, ba ramukan tsatsa. Shafa bayansa da yatsu daga gindi har baki, in ka ji kumburi ko lotsawa ka mayar wa mai ita. Rufe ta ka girgiza: in tana ƙwas-ƙwas a mahaɗa, ta gaji. Sai ka ɗora ta a kafaɗa idonka a rufe, ka buɗe. In idonka ya sauka a kan saitin ba tare da ka lanƙwasa wuya ba, ta yi maka. Wadda ba ta zauna a kafaɗa ba shuri take yi kamar jaki, bayan harbi uku ka fara runtse ido kafin ka ja kunama.

Harsashi ne inda mutane suka fi yin kuskure, ni ma a ciki. A jikin bututu akwai rubutu, 70 ko 76, wato tsawon ɗakin harsashi da milimita. Kada ka kuskura ka sa mai 76 a ɗakin 70. Zai shiga lafiya lau, matsalar ke nan, amma in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa. Girman 'ya'yan dalman da ke ciki kuma yana rubuce a jikin kwali. Lamba 6 da lamba 4 na fakara da zabi da zomo ne. Gada sai BB ko AAA, masu kaurin milimita 4 zuwa 5. SG mai manyan 'ya'ya kamar tara kacal ya yi mata yawa, kuma tsakanin 'ya'yan akwai gibin da gada za ta bi ta wuce.

Wata shekara da hunturu, a wani fako yamma da Wamakko, gada ta tashi gabana wajen taki 50, ni kuwa lamba 6 ce a ciki don zabi na fito nema. Na harba. Ta yi tsalle ta faɗa cikin sabara. Muka bi ɗigon jini a kan busasshen ganye, ɗis nan ɗis can, har aka kira magariba ba mu gan ta ba. Kawuna, wanda shi ya koya mini dawa, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Wagga ba bindiga ta cuce ta ba, kai ne." Tun ranar ba na harbin gada in ta wuce taki 30, kuma bayan kafaɗa nake sa mata.

Takin nan 30 kai ma ka gwada shi da kanka. Samu kwalin taliya babba, zana da'ira mai faɗin faifai, jingina shi da tudun yashi inda ba kowa a baya, ka ja taki 30 ka harba. Ƙirga ramukan da ke cikin da'irar. In ba su kai biyar ko shida ba da AAA, matsa kusa ko ka canza kamfanin harsashi, don kowace bindiga da wanda take so.

Masu bindigar toka, abu ɗaya nake roƙonku: kada ku farke harsashin zamani ku juye garinsa a ciki. Ƙarfinsa ya ninka na albarushi, bututun ba zai ɗauka ba, na kuma san masu yatsu uku saboda haka. Haka nan in bakin bindiga ya caki laka a fadama, a tsaya a share kafin a harba.

Ka yi bisimilla lokacin jan kunama, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Wajen fiɗa ka yanke naman da ke kewaye da raunin ka zubar, ka tsince 'ya'yan dalman ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga tukunya. Wanda ya ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai bar ɗansa ya tauna ko ƙwaya ɗaya ba. Harsasan da suka rage kuma a kulle su a akwati daban da bindigar, nesa da zafin ɗakin kwano na watan Afrilu.