Darasi na 12: Mai ciniki ta waya za ta tafi hutu

A Tawa yanzu akwai mata da yawa da ba su da rumfa a kasuwa, amma kullum suna ciniki. Su ɗauki hoton turaren wuta ko humra ko atamfa su ɗora a WhatsApp ko Facebook. Mai so ya aiko kuɗi ta Nita, ko Al Izza, ko Amana, ko Airtel Money. Idan a cikin gari yake, a ba ɗan kabu-kabu ya kai masa. Idan a Yamai yake, a kai kayan tashar Rimbo ko STM, su bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar sama da kilomita 500.

Mai irin wannan sana'a ita ce komai. Ita ke sarin kaya, ita ke ɗaukar hoto, ita ke amsa waya har tsakar dare. Ita ma mutum ce, tana gajiya. Tana da iyaye a ƙauye, tana da biki da suna da gaisuwar rasuwa. Hutu haƙƙinta ne. To amma mai rumfa idan za ta yi tafiya, ƙofa take ja ta sa kwaɗo, kowa ya zo ya gani da idonsa. Waya ba ta da ƙofa. Mutum zai turo kuɗinsa, ya ji shiru kwana uku, ya fara gaya wa jama'a cewa an cuce shi.

Zaɓen lokaci

Kada ki tafi a goman ƙarshe na azumi ko ana gab da Sallar Layya, lokacin ne kasuwa ke ci. Makon da ya biyo bayan salla aljihun mutane ya yi sauƙi, tafiya a lokacin ba ta da asara sosai.

Kuɗin mutane tukuna

Nan ne gundarin darasin, ku saurara da kyau. Kafin ki ɗaure kayan tafiya, buɗe littafinki. Rubuta sunan duk wanda ya biya bai karɓi kaya ba. Gaban sunan ki sa abin da ya saya da kuɗin da ya bayar. Duk wanda kika sallama, ki ja layi a kan sunansa. Wanda kayansa ba za su samu ba kafin tafiya, ki kira shi da bakinki:

"Hajiya, ina wuni. Humrarki ba ta haɗu ba, ni kuma zan yi tafiya ranar Asabar. In maido miki kuɗinki, ko za ki jira in dawo?"

Ko wanne ta zaɓa, ranta ba zai ɓaci ba, don kin ba ta girmanta. Amma kada ki taka mota da dala ɗaya ta wani a hannunki ba da saninsa ba. Amana ce. Na fi son ki rasa cinikin mako guda da a ce sunanki ya ɓaci a bakin mata, don gyaran suna ya fi neman jari wuya.

Ki tsai da ranar rufe karɓar oda, kamar kwana 5 kafin tafiya. Kayan da aka aika Yamai ko Agadas na son lokaci su isa, mai su ya je ya karɓa, in da kuskure a gyara kina gari. Rasit ɗin tasha ki ɗauki hotonsa ki tura wa mai kaya.

Sanarwa

Abin da aka ɗora a status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka sau ɗaya bai isa ba. Ki ɗora kullum har tsawon mako guda kafin tafiya. Da yawa cikin masu sayen kayanki ba sa karatu, ki yi musu saƙon murya. Abu biyu kada su ɓace a ciki: ranar rufewa da ranar dawowa. "Sai na dawo" ba rana ba ce.

Mai amfani da WhatsApp Business tana da saƙon da ke amsawa da kansa, a wayar da ke faransanci sunansa Message d'absence. Sai dai ba ya tafiya in wayarki ba ta kan intanet. In ƙauyen da za ki ba layi, ki rubuta sanarwar a takarda da manyan baƙaƙe, ki ɗauke ta hoto, ki sa a gurbin hotonki. Wannan yana nan ko wayarki a kashe take.

Ba sai kin faɗi inda za ki ba, ba kuma sai duniya ta san gida ba kowa.

In za ki bar wa wani

Ƙanwa ko maƙwabciya amintacciya na iya riƙe miki ƴan kaya. Ku ƙirga tare, ki rubuta farashi a jikin kowane, ku yanke ladanta tun kafin ki tafi. Ki ce mata ban da bashi, ko wa ya zo. Lambar sirrin kuɗinki kuwa taki ce ke kaɗai. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo: duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa su, WhatsApp ɗinki yake son ƙwacewa.

Zafin Afrilu da Mayu a Adar, wato yankin Tawa, na wuce digiri 40. Man kaɗe da man shafawa narkewa suke yi a ɗakin kwano, ki sayar da su kafin tafiya. Da damina kuma ki ɗaga atamfa daga ƙasa saboda laima da gara.

Lissafi

Ku tuna dala 200 ita ce jika 1, wato 1000 F. A misali, wata tana samun ribar jika 14 a mako.

1. Nawa take samu a rana?
2. In ta rufe kwana 10, ribar nawa za ta wuce ta?
3. Kuɗin mota da guzuri jika 18 ne. In an haɗa da amsar tambaya ta 2, nawa hutun zai ci mata?
4. In tana zuba jika 2 a asusu kowane mako ba tare da taɓa jari ba, mako nawa za ta yi kafin ta tara?

Rubutu

Kwafi wannan a littafinki, ki cike guraben:

"Salamu alaikum. Zan rufe karɓar oda ranar ______. Zan dawo aiki ranar ______ in Allah ya yarda. Don Allah kada a turo kuɗi kafin nan."

Mako mai zuwa kowa ta zo da littafinta na ciniki. Wadda ba ta da shi ta zo da sabon littafi da biro, za mu ja layukan suna da kaya da kuɗi tare a aji.