Kurakuran masu ƙaga labari a kan Mai Wurno

A Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, yara sun fi jin tarihin garinsu daga bakin masu ba da labari, ba daga littafin makaranta ba. Don haka labaran da matasanmu ke ƙagawa suna yaɗawa a WhatsApp ba abin wasa ba ne. Abin da aka ƙaga bana, baɗi wani zai rantse a kansa.

Kuskure mafi sauƙin gyara shi ne kawo Sarkin Musulmi Attahiru har Sudan. Bai iso ba. Sakkwato ta faɗi hannun Turawa a Maris 1903, shi kuma ya yi shahada a yaƙin Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, a Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu wajen 1906, garin ya ɗauki sunansa.

Wanda ya fi damuna shi ne mai da kowa jikan mayaƙan Burmi. Kakannin da yawa daga cikinmu maniyyata ne da suka taho a ƙasa, suna yada zango suna ƙwadago don haɗa guzuri. Wasu sun je Makka sun dawo suka tsaya, wasu ba su taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira sun jawo wasu da dama. In labari ya shafe waɗannan, jikan mai tsinkar auduga zai tashi yana jin kunyar asalinsa, ko ya ari na wani. Ka ba manomi da matar da ta goyo ɗa tun daga ƙasar Hausa matsayin jarumai, sun cancanta.

Akwai kuma masu nuna Sudan a matsayin ƙasar da ba Nasara. Alhali daga 1899 har zuwa 1956 Ingila da Masar ne suka mulke ta. Mutanen da suka guje wa Bature suka sake tarar da shi a nan, kuma yadda suka zauna da shi labari ne mai nauyi da ake tsallakewa.

Sai harshe. Kada ka sa wa tsohon 1910 Hausar Kano ta yau a baki. Fulatanci da Larabci suna cikin zancen garin tun farko. Kafin ka rubuta, zauna da tsofaffi na gidaje daban-daban, mata da maza. Inda bakinsu ya saɓa, bar saɓanin a bakin taurarin labarinka. Wurin da ka ƙara da kanka kuwa, faɗa wa mai karatu a gabatarwa.