Darasi na 7: Lita Nawa Injin Jirginka Yake Sha a Awa Ɗaya?

Jirgin ruwa mai filafilai iska ce ke tafiyar da shi, amma iska ba ta da alkawari. Wata rana takan ɗauke cak, teku ta kwanta kamar tabarma. A irin wannan rana, da kuma lokacin shiga tasha ko fita daga cikinta, sai an tayar da inji. Jirage da yawa suna da injin fetur a girke a cikin cikinsu, ƙarƙashin matakala, wanda yake juya farfela ta hanyar wani dogon ƙarfe. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Atomic 4, na kamfanin Universal da ke Amurka. Silinda huɗu gare shi, ƙarfinsa doki 30 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), an daina ƙera shi a 1984, amma har yau yana aiki a tsofaffin jirage masu yawa.

Abu na farko da mai koyo zai riƙe: a kan ruwa ba a lissafin fetur da nisan tafiya kamar yadda direban mota yake yi. Da awa ake lissafi. Inji yana shan abinsa ko jirgi yana ci gaba sosai, ko igiyar ruwa tana mai da shi baya.

Lissafin kan takarda

Injin fetur yana ƙona kusan giram 230 na mai a awa ɗaya, a kan kowane doki ɗaya da yake aiki da shi. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan giram 740 ne. Ke nan doki ɗaya yana shan kusan sulusin lita a awa. Hanya mai sauƙi ita ce ka raba yawan dokin gida uku. Doki 30, lita 10 ke nan a awa. Doki 9 kuma lita 3.

A nan mutane suke kuskure. Sai mutum ya ga an rubuta doki 30 a jikin inji, ya ce lita 10 zai riƙa sha. Wannan adadi na inji ne in an buɗe masa totur har ƙarshe, kuma ba mai tafiya haka sai mai neman kashe injinsa. A tafiya ta yau da kullum, jirgi matsakaici bai fi doki 9 zuwa 12 yake buƙata ba, shi ya sa irin wannan inji yakan tsaya a lita 3 zuwa 4. Tsohon inji mai dattin kafireto ko mataccen fulogi yakan zarce haka.

Me ya sa ƙarin totur yake cinye mai?

A kula da wannan sosai, don nan ne fetur yake salwanta. Ƙarfin da farfela take nema ba ya hawa daidai da juyinta. In ka ninka juyin sau biyu, ƙarfin da take nema kusan sau takwas yake ninkuwa. Ɗauki misali: inji yana juyi 2,000 a minti, ka ƙara masa zuwa 2,400. Ƙarin kaɗan ne a ido, kashi 20 cikin ɗari. Amma ƙarfin da ake nema ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari, fetur kuwa bin ƙarfi yake yi.

Da ma ƙarin zai sa jirgi gudu, da sauƙi. To, ba ya yi. Irin wannan jirgi ruwa yake turawa da ƙirjinsa, kuma tsawonsa ne yake yanke masa iyakar gudu. Jirgin da tsawonsa a kan ruwa ƙafa 25 ne, da wuya ya wuce mil 6.7 na teku a awa (mil na teku ya ɗan fi na ƙasa tsawo). Da zarar ya kusa wannan iyaka, za ka ga bayansa ya dulmiya, goshinsa ya ɗaga, wata ƙatuwar igiyar ruwa tana binsa, inji yana ta kururuwa. Wannan igiya da fetur ɗinka ka gina ta. Ka rage totur kaɗan, kururuwar ta lafa, gudun da ka rasa bai taka kara ya karya ba.

Gwajin da ya fi takarda

Ido ba mudu ba ne, gejin mai ma haka. Tankin jirgi sau da yawa ƙasansa a tsuke yake, sai allura ta daɗe a kan rabi, can kuma ta faɗi tim. Ga yadda ake gano gaskiya. Cika tanki, ka rubuta lambar da agogon awoyin inji ya nuna. In babu agogon, riƙe ƙaramin littafi, ka rubuta lokacin tayarwa da lokacin kashewa duk tafiya. Bayan wasu kwanaki ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga. Raba lita da awa.

A ce inji ya yi awa 12, tanki ya ci lita 42. Raba 42 gida 12, ka samu lita 3.5 a awa. Maimaita gwajin sau biyu ko uku kafin ka yarda da shi. In da galan aka sayar maka, tambayi wane galan: na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5.

Yanzu a ce tankinka lita 75 ne. Matuƙa suna raba mai kashi uku: sulusi na zuwa, sulusi na dawowa, sulusi ajiya. Cire 25 na ajiya, saura 50. Raba 50 da 3.5, ka samu awa 14 da 'yan mintoci. In kana mil 5 a awa, mil 70 ke nan. In kuwa ruwa yana gudu gaba da kai da mil 2 a awa, mil 3 kawai kake ci, awa 14 ɗin nan mil 42 za ta kai ka. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan lissafi a tasha ake yin sa. Ciyawa da ƙananan halittun ruwa da suke manne wa ƙasan jirgi da farfela su ma suna ƙara shan mai, saboda haka gwajin bara ba lalle ya yi maka bana ba.

Gargaɗi ɗaya lokacin cika tanki: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Bayan ka sha mai, kunna fankar da ke fitar da iskar ɗakin inji, ta yi aƙalla minti 4, ka sunkuya ka shinshina, sannan ka tayar.

Aikin yi

1. Inji ya yi awa 8, aka cika tanki da lita 26. Lita nawa yake sha a awa?
2. Tanki lita 60 ne, inji yana shan lita 4 a awa. Bayan an cire sulusin ajiya, awa nawa za a iya tafiya?
3. Jirgin tambaya ta 2 yana mil 5 a awa, ruwa yana gaba da shi da mil 1. Mil nawa zai ci kafin ya taɓa ajiyarsa?