Abin da ya kamata ka sani kafin ka saka kuɗinka a wasan poka ta intanet

Wasan karta ba baƙo ba ne a Damagaram, domin daga Birni har Zango da wuya ka wuce fadar matasa da dare ba ka tarar ana raba karta ana jiran shayi ya nuna ba. Abin da ya zo sabo shi ne wasan poka da ake bugawa a salula da kuɗi na gaske, wanda masu talla ke nunawa kamar sana'ar da ake koya cikin mako guda. Ga matakan da ya dace ka bi, bisa jerin da nake ganin ya fi tsare maka aljihu da mutunci.

Ka fara da sanin hukuncin abin. Duk wasan da za a zuba kuɗi a tsakiya wanda ya ci ya kwashe caca ne, kuma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun hana shi a fili, sun haɗa shi da giya, sun kuma ambaci gaba da ƙiyayya da yake haifarwa. Cewa da ake yi poka na buƙatar ƙwarewa gaskiya ne, amma hakan bai fitar da shi daga caca ba. Ni a ganina, wanda ya tsaya a nan ya juya ya fi kowa riba. Ta fuskar doka kuma, a Nijar hukumar LONANI ce ke riƙe da harkar wasannin sa'a, alhali manyan shafukan poka rajistarsu a ƙetare take, a wurare irin su Malta, saboda haka idan aka riƙe maka kuɗi babu ofishin da za ka nufa a Zinder ka kai kuka. Shafukan da ke da lasisi ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Mataki na biyu shi ne koyon wasan ba tare da ka kashe ko dala ɗaya ba, tun da akwai teburan gwaji da ake bugawa da kuɗin wasa. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em, kuma da karta 52 ake yin sa. Ana ba kowane ɗan wasa karta 2 a rufe, sannan a buɗe 5 a tsakiya waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: 3 a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Kafin a raba, mutum biyu kan zuba kuɗin dole, ƙarami da babba, kuma wannan nauyi yana zagaya teburin. A kowane zagaye za ka iya ajiye kartarka ka janye, ko ka biya daidai abin da aka zuba, ko ka ƙara. Wanda ya haɗa karta 5 mafi ƙarfi shi ke ci, sai dai in kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, kuma a nan ne burga ke aiki. Ƙarfin hannu, wato kartar da ɗan wasa ya haɗa, daga ƙasa zuwa sama shi ne: babbar karta, biyu masu lamba ɗaya, irin wannan biyun sau biyu, uku masu lamba ɗaya, biyar a jere, biyar masu zane ɗaya, uku haɗe da biyu, huɗu masu lamba ɗaya, sai biyar a jere masu zane ɗaya. Ka haddace wannan jeri har ya zama ba sai ka yi tunani ba.

Inda sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne lissafi, shi ya sa zan daɗe a kansa. Hannu mafi ƙarfi da ake farawa da shi, wato karta biyu masu harafin A, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221, kuma ko da ya zo, idan ka kara da mutum ɗaya mai kowace irin karta har ƙarshe, kusan kashi 15 cikin 100 ba kai za ka ci ba. Mafi yawan abin da za a raba maka bai cancanci a bi shi da kuɗi ba, don haka ɗan wasa mai hankali ya fi yawan janyewa tun kafin a buɗe komai. A ɗauka an buɗe karta ta huɗu, kana da huɗu masu zane ɗaya, kana jiran ta biyar. Kowane zane karta 13 ne, ka ga 4, saura 9 cikin 46 da ba ka gani ba, wato damarka ba ta cika kashi 20 cikin 100 ba. Idan jaka uku ce a tsakiya, aka ce ka biya jaka ɗaya ka ga karta ta ƙarshe, to sai kana ci sau ɗaya cikin huɗu kafin kuɗinka su dawo, alhali damarka ba ta kai sau ɗaya cikin biyar ba. Janyewa ce daidai, ko da zuciya na raya maka cewa yau ranarka ce.

Sai kuma la'ada, wadda masu talla ba sa son ambata. Kamfanin ba ya karawa da kai, yankan rabonsa kawai yake yi daga kuɗin tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wata iyaka. Mu ce mutum shida sun zauna kowa da jaka goma, ana tara jaka biyu a tsakiya a kowane hannu, wato kowane rabon karta. Dala ashirin ke fita kowane karo, kuma bayan hannu 50, wanda a intanet bai wuce aikin sa'a guda ba, jaka biyar ta bar teburin ba za ta dawo ba. Ke nan bai isa ka fi abokan wasanka iyawa ba, sai fifikon ya rufe la'ada, kuma wannan ne dalilin da ya sa akasarin masu wasa ke ƙarewa da asara. Za a ba ka labarin Chris Moneymaker, akantan nan na Amurka da ya samu gurbi ta intanet ya lashe dalar Amurka miliyan 2.5 a gasar duniya ta 2003. Labarin gaskiya ne, amma mutum 839 ne suka shiga gasar, shi kaɗai ya ɗauki kambun.

Idan duk da haka ka nace, to ka binciki ƙofar fita kafin ta shiga. Ka duba ko shafin yana karɓar mazauna Nijar, ka duba lambar lasisinsa a wurin hukumar da ta bayar, ka karanta sharuɗɗan cire kuɗi, domin za a nemi katin shaidarka kuma dole sunan ya dace da na asusun da ka biya da shi. Kyautar maraba da ake kwaɗaita maka ba a cire ta sai ka buga hannu masu yawan gaske. Ka kuma lissafa abin da canjin kuɗi zai ci: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a tsaye, dalar Amurka kuwa hawa da sauka take yi. Ka guji dillalin da zai ce a WhatsApp ka tura masa ta Airtel Money ko wata hanyar aike shi ya zuba maka, saboda ranar da ya kashe waya ba ka da shaida. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka sun ƙwace adireshin intanet na shafukan poka na PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, kuma ƴan wasa da dama sun shafe shekaru suna jiran kuɗinsu.

Ka yanke adadin da in ya salwanta gidanka ba zai ji ba, ka rubuta shi a takarda, kada ya fito daga kuɗin cefane, ko jarin shago, ko cinikin kabu-kabu da za ka kai wa mai babur da yamma, balle bashi. Ka zauna a teburi mafi araha, kada ka ɗora fiye da kashi ɗaya cikin 20 na adadin a zama guda, kuma ka rubuta kowace shiga da fita, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe daren ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma alamominta sanannu ne: ƙara kuɗi don a rama asara, ɓoye wa iyali, da wasa har lokacin salla ko na aiki ya wuce. Da zarar ka ga ɗaya daga cikinsu, ka shiga saitin asusunka ka nemi a rufe shi, tun da shafuka masu lasisi suna da wurin da mutum ke hana kansa shiga na watanni ko na dindindin. Ka cire abin da ya rage, ka goge manhajar, sannan ka sanar da wani babba da kake jin nauyinsa, ko yayanka ko malaminka, ka bar shi ya riƙa duba asusun salularka na wani lokaci.