Yadda malami zai tsara aikin bincike kan buƙatu da arzikin ƙasashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Ɗaliban lise a nan Tawa sukan haddace cewa yaƙin ya ƙare a 1945, amma kaɗan ne daga cikinsu ke iya bayyana abin da kowace ƙasa ta wayi gari da shi a hannunta da kuma abin da ta rasa. Wannan aikin binciken an yi shi ne domin su gano hakan da kansu.

Da farko malam ya raba ajin rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni ƙasa ɗaya: Amurka, Tarayyar Sobiyat, Ingila, Faransa, Jamus ko Japan. Kowane rukuni ya ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya ya rubuta abin da ƙasar ke da shi, ɗaya gefen kuma abin da take nema, a duba abinci, da gawayin kwal, da ƙarfe, da kuɗi, da ma'aikata. Kada malam ya karɓi kalmar "talauci" ko "ɓarna" ita kaɗai, sai an kawo shekara ko adadi tare da littafin da aka samo shi. Masu Tarayyar Sobiyat za su tarar ta rasa mutane kimanin miliyan 27 alhali tana da ƙasa da ma'adinai masu yawa, masu Ingila kuwa za su yi mamakin cewa ƙasar da ta ci yaƙi ta fara ƙayyade rabon burodi a 1946, ba ta kuma daina ƙayyade abinci ba sai 1954.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, domin a nan ne ɗalibi yake daina kwafi ya fara tunani. A tambayi kowane rukuni: daga ina ƙasarku ta cike giɓinta? Yaron Tawa ya san cewa albasar Galmi ba ta zama kuɗi sai ta sami mai buƙata da motar ɗauka, saboda haka ba zai sha wuyar fahimtar dalilin da ya sa Amurka, wadda masana'antunta ba su taɓu ba, ta zuba wa Turai ta Yamma kusan dala biliyan 13 ta shirin Mashal daga 1948 ba, ko dalilin da ya sa Faransa ta zuba ido kan kwal ɗin yankin Ruhr na Jamus har aka kafa ƙungiyar kwal da ƙarfe ta ƙasashe shida a 1951.

Rukunin Faransa su ne za su dawo da maganar gida, kuma ya kamata a ƙara musu lokaci. Su bincika gyaɗar da ake fitarwa daga Maraɗi da Damagaram, da kuɗin sefa da aka ƙirƙiro a watan Disamba na 1945, da dokar 1946 da ta soke aikin tilas. Idan akwai dattijo a unguwa da ya ji labarin zamanin daga bakin iyayensa, su je su gaishe shi su rubuta abin da ya faɗa, sannan su gwada da abin da ke cikin littafi.

Mako biyu sun isa. Tun da ba kowa ke da waya mai intanet ba, malam ya tabbatar akwai ɗaya a kowane rukuni, ya kuma buƙaci a tabbatar da duk wani adadi a wuri biyu. Ranar gabatarwa kowane rukuni ya yi minti goma, kuma a bar wa sauran rukunoni su tambaye shi me ƙasarsa za ta sayar musu da me za ta karɓa.