Yadda sabon mai koyo zai gyara amon sarewar dizi

Dizi sarewa ce ta gora daga ƙasar Sin, ana busa ta a kwance. Tana da ƙofar busa, da ƙofofin yatsu 6, sai wata ƙofa tsakaninsu wadda ake rufewa da tantani mai suna dimo, da ake ɓarowa daga cikin karan wata ciyawar fadama. Tantanin nan shi ke ba ta zaƙin murya da ɗan kaɗawar da aka san ta da shi, kuma shi ne ke rikita sabon mai koyo: amo ya fito a shaƙe, ya rasa laifin leɓensa ne ko na tantani. Don haka a raba matsalar biyu. Makon farko ka liƙe ƙofar tantanin da salatef, ka ji da leɓe kaɗai.

Ɗora gefen ƙofar busa a ƙasan leɓenka, inda jan leɓe ya ƙare, leɓen ya rufe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙofar. Ka ɗan ja gefen baki, ka bar ƴar kafa a tsakiyar leɓɓa, ka aika iska ta daki bakin ƙofar na can gaba, rabi ta shiga rabi ta wuce. Duba madubi. Idan kafar leɓenka ba ta daidaita da tsakiyar ƙofa ba, shuu ɗin iska zai rinjayi sauti. Idan ka mirgino sarewar ciki da yawa, murya ta dushe ta sauka. Ka mirgina ta waje da yawa, ta tashi ta cika da iska. Gyara kaɗan-kaɗan ake yi, abin milimita ne.

Wanda ya saba da sarewar makiyaya yakan zo da ƙarfin huhu, kuma nan ƙarfi ɓarna yake yi. Ƙananan sautuka, wato masu kaurin murya, suna son iska mai laushi da ke gangarawa ƙasa, kafar leɓe a ɗan buɗe. Manyan kuwa a rage kafar, iska ta ƙara sauri. Numfashi daga ciki ake ɗauko shi: ciki ya kumbura, kafaɗa ta zauna inda take. In jiri ya ɗebe ka, iskar tana zuba a banza, ka huta ka ƙanƙance kafar.

Aikin da ya fi gyara amo shi ne jan sauti ɗaya. Rufe ƙofofin yatsu uku na kusa da ƙofar busa, sautin da ya fito shi ne wanda aka sa wa sarewar sunansa, D ko G ko wani. Riƙe shi daƙiƙa 8 zuwa 10 ba rawa, ka maimaita, sannan ka sauka ƙofa-ƙofa har duka shida su rufu. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Idan sautin ƙarshe ya ƙi fitowa, kafin ka zargi leɓe duba yatsu. Da tsokar yatsa ake rufe ƙofa, ba da kan farce ba, kuma ɗan yatsan da ke kusa da ƙarami shi ya fi barin kafa.

Sai amo ya daidaita da salatef sannan a sa tantani. Yakan zo a naɗe kamar ƴar tsiriya. Yanki kamar santimita 2, ka tsaga shi da almakashi ya buɗe. Murza shi a hankali tsakanin yatsu masu tsabta har ya yi laushi. Manne na gargajiya shi ne ejiao, wanda ake dafawa daga fatar jaki, kasuwar da ta sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. Ba sai ka nemo shi ba. Tsaga ƙwayar tafarnuwa ka shafa ruwanta kewayen ƙofar, Sinawa ma suna yin haka. Abin kiyayewa shi ne kada ruwan ya taɓa leɓen ƙofar ko tsakiyar tantani, don in ya bushe a wurin kaɗawa ta mutu. Kada a kusanto da gam mai kama ƙarfe, ba ya sakin gora.

Jijiyoyin tantanin su bi tsawon sarewa. Ka ɗora shi, ka ja shi dama da hagu da manyan yatsu har ƙananan tamoji su bayyana a gicciye, sirara, jere da juna. Nan gwaninta take. Ya yi tsantsan ba tamoji, amo ya fito ƙeƙasasshe ba zaƙi. Ya yi sako-sako, sai gurnani da karkarwa, manyan sautuka su ƙi hawa. Gyaransa ba wuya: jiƙa yatsa, taɓa gefen da aka manna, tafarnuwar ta saki, ka ja ko ka sassauta. Ka busa minti biyar tukuna kafin ka yanke hukunci, domin ɗumin numfashi yana sauya shi.

Yanayin Maraɗi yana da nasa rabon. Da hunturu, tantani yana ɗamewa har ya tsage, saboda haka a sa shi da ɗan sassauci, a hura masa hucin baki kafin a fara. Da damina yakan saki, sai a ƙara ja. Leɓen da iska ta fasa ba ya iya tara iska wuri ɗaya. A shafa man kaɗe da dare, a goge kafin busa. Gorar kanta bushewa ke tsaga ta, kuma tsaga ko siririya ce tana cinye ƙananan sautuka. Kada a bar ta a rana ko a ɗakin kwano da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Bayan busa a tsane cikinta da ƙyalle mai laushi a mayar da ita gidanta. Sau ɗaya a wata cikin rani a shafa mata mai kaɗan a ciki, bayan an cire tantani, a bar ta ta kwana kafin a manna sabo.