Ga masu koyon kiɗan buɗe fage na Rossini

Jama'a, a kiɗan buɗe fage (kiɗan da ake fara wasan waƙa na opera da shi) na Rossini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, sirrin yana wajen hauhawar sauti. Jimla ɗaya ce ake maimaitawa, galibi sau uku, kowane zagaye ana ƙara kayan kiɗa. Ku fara ƙasa-ƙasa sosai. In kun ɗaga sauti tun zagayen farko, babu inda za ku hau a na uku.

Ƙarfi ake ƙarawa, ba sauri ba. Nan yawancin ƙungiyoyi ke wargajewa. Wajen atisaye, ku saka na'urar auna bugu a 80, ku riƙe wannan saurin har ƙarshe; sai in za ku sake farawa ne za ku riƙa ƙara 4.

A sashe mai kama da sukuwar doki na ƙarshen kiɗan buɗe fagen opera ɗinsa William Tell (1829) kuwa, masu biyolin su bar bakan ya yi tsalle da kansa wajen tsakiyarsa. Danne shi da ƙarfi ke kashe kiɗan.